Girgizar Kan Lacho

Jikana Lachezar, wanda duk ƙauyen Slivovets ke kira Lacho, Allah ya ba shi hannu. Wannan ba zan ɓoye ba. Da kyautar ta tsaya a hannun da mun huta, amma sai aka ƙara masa da baki, kuma bakin ya fi hannun girma nesa ba kusa ba.

Ni na raine shi tun uwarsa ta tafi Spain tsinkar lemo, ta ce wata shida za ta yi. Bana shekara ashirin da biyu ke nan muna jiran watanni shidan su cika. Yanzu shekarunsa talatin da ɗaya, yana aiki a gidan tukwanen Madam Raina a cikin gari, yana zana furanni a jikin kwanukan miya. In ya dawo gida kuma sai ya zana abin da ransa yake so: shamuwar da ke kan rufin coci, awakin maƙwabciyata Tsonka, har da hannuwana ina ɓare barkono. Wannan na hannuwan ya yi kyau, har kumburin gaɓoɓina bai bari ba, ɗan banza.

Wani abokinsa da ke Sofiya ne ya aika hotunan zanen zuwa wani gida a Norway, inda ake ajiye masu zane wata uku, a ba su ɗaki da abinci da fenti, ba mai ce musu ku tashi ku nemi aikin yi. Ni dai ban san akwai irin wannan aljanna tun a duniya ba. Mutanen suka ce zanen ya burge su, suna so su ga mai shi ta kwamfuta.

Ranar ganawar a ɗakin girkina aka yi ta. Lacho ya sa wata baƙar hula mai kama da faifai, ya naɗe wuya da jan gyalena, ya ce in koma gefe kada a ga zanina na aiki. Turancinsa kuwa na fina-finai ne. Ya san "sannu", ya san "na gode", ya san "ɗaga hannunka sama".

Na ce, "Da wane baki za ka yi musu magana?"

Ya ce, "Kaka, babban mai fasaha ba ya surutu. Ido da kai ne ke magana."

"To yau za mu ga abin al'ajabi, kai da shiru."

Wata mata mai furfura ta fito a gilashin kwamfutar, sunanta Madam Ingunn. Ta yi ta bayani, Lacho na murmushi irin na wanda ya ƙoshi. Can ta ɗauko kalanda, ta ɗora yatsa a kan ranar ɗaya ga wata, ta yi tambaya. Kalmar "Oktoba" dai na kama. Lacho ya girgiza kai gefe da gefe, a hankali, kamar babban limamin coci yana sa albarka. Matar ta ɗaure fuska ta sake nuna kalandar. Ya sake girgizawa. A karo na uku ta nuna shi, ta yi jirgin sama da tafin hannunta, ta nuna kanta. Lacho ya girgiza kai har faifan ya faɗi ƙasa. Matar ta dafa ƙirji, ta yi 'yar magana mai taushi, gilashin ya yi duhu.

Ya ce, "Kin gani? Saura kaɗan ta yi kuka don murna."

Mu nan, duk ɗan halas in ya yarda da magana gefe da gefe yake girgiza kai. In ya ƙi, ya ɗaga haɓa sama ya sauke, wani lokaci da ɗan tsaki. Haka aka halicci wuya. Sai dai ni na yi shekara bakwai a Italiya ina kula da wani tsoho, na san mutanen waje a juye aka ɗaura musu kai. Wata biyu na yi da yunwa a gidan tsohon nan. Duk aka ce, "Ginka, a ƙara miki taliya?" sai in girgiza kai da murna, sai a ɗauke kwanon.

Na ce, "Lacho, ka kori matar nan. A wajensu girgiza kai ƙi ne. Sau uku ka ce mata ba ka zuwa."

Ya dube ni kamar na tofa masa yawu a fenti.

"Kaka, ke wankin tsoho ne ya kai ki waje. Ni fasaha ce za ta kai ni. Hanyar ba ɗaya ba ce."

Wankin tsohon nan ne ya saya masa fentin farko, amma ban tuna masa ba. Na koma kan barkonona.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo wayarsa. Ya shiga gari aka buga masa shi a takarda mai kauri, ya dawo ya cire hoton aurena da marigayi Petko daga cikin gilashinsa ya saka takardar. Ni da Petko muka koma ƙarƙashin kwalbar gishiri. Ya ɗauki abinsa sai shagon Mincho, inda mazan ƙauyen nan ke zama su sha kofi da rakiya, barasar inabin nan tamu, suna gyara gwamnati.

Na bi shi, don ina da sayen burodi. Na tarar ya hau kan akwatin lemo yana fassara.

"Ya mai girma Lachezar, gwanin gwanaye, hasken tsaunukan Balkan. Mun ga zanenka mun kasa cin abinci. Ɗakin da ya fi kowanne kallon teku naka ne. Muna roƙonka kada ka makara, masu zanen ƙasarmu sun ƙagu su koya a hannunka."

Mincho ya leƙa takardar ya ce, "Duk wannan a layi huɗu?"

"Turanci yana da taƙaitawa, Kawu. Ba irin yarenmu ba ne da sai an zaga gona kafin a shiga gida."

Aka miƙa wa Malam Stoimen, tsohon shugaban makaranta, wanda duk takardar da ta shigo ƙauyen nan sai ta bi ta hannunsa. Ya sa tabarau ya ɗaga ta sama ya sauke ta ƙasa.

"Turanci dai ban karanta ba, a zamaninmu Rashanci ake yi. Amma ga sunan yaro daidai, ga Oktoba, ga sa hannu. Takarda ta gaskiya ce."

Shi ke nan, malam ya yanke hukunci. Aka buga ƙusa aka rataye takardar tsakanin agogo da hoton ƙungiyar ƙwallo.

Mincho ya tambaya, "Tikitin jirgin fa?"

"Yana jirana a filin jirgin Sofiya. Manya ba sa yawo da tikiti a aljihu."

Da muka koma gida na ce masa, "Ɗan nan, ka aika wa abokin nan naka takardar ya karanta maka. Ba zai rage ka da komai ba."

"Don ya ce shi ya yi min komai? Kaka, hassada ce ke damunki ko tsoron kaɗaici?"

"Tsoron kunya ne. Ita ba ta kashewa, amma tana hana shiga kasuwa."

Wannan shi ne gargaɗi na biyu. Washegari ya je ya ajiye aikinsa.

Ban je wurin ba, amma matan da ke aiki a gidan tukwanen sun kawo min labarin da zafinsa. Wai ya hau kan kujerarsa ya ɗaga hannun dama sama ya ce, "Wannan hannu ya gama yi wa miya ado." Madam Raina ta ce, "Ka sauko a hankali, Norway ba gudu take yi ba." Bai sauko a hankali ba. Gwiwar hannun da ya gama yi wa miya ado ta tafi da kwanuka goma sha biyu da ke jiran wuta.

Ranar kasuwa na gasa banitsa, wainar nan tamu mai cuku, na naɗe ta da tsumma na shiga motar gari.

Na ce, "Raina, 'yata, kujerar yaron nan kada ki ba kowa."

"Haba Kaka Ginka, ai da bakinsa ya ce ba zai dawo ba."

"Dawowa kam ba zai dawo ba, don ba inda za shi."

Ta dube ni, ta dubi banitsar, ta ce har ƙarshen wata za ta iya jira, ranar Litinin ta farko in bai zo ba akwai masu so. Aikin nan shi ne abincinsa, kuma a yankinmu aikin da ake zama a inuwa ba a tsintarsa a hanya.

Shi kuwa gogan ya shiga shiri. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, dole jiki ya saba da kayan sanyi tun yanzu. Ya je wajen Tsonka ya aro babbar rigar fatar tumaki ta marigayi mijinta, mai gashi ciki da waje, wadda ta yi shekara tara a cikin rumbu. Watan Satumba ne, rana na dukan kowa, kowane gida an hura wuta ana gasa barkono ana dafa lutenitsa, jar miyar da muke ɗurawa a kwalba. A cikin wannan zafi Lacho ya zura rigar ya nufi dandalin ƙauye yana taku ɗai-ɗai.

Tsonka na da wani rago, tsoho ne amma bai san ya tsufa ba. Ragon ya shaƙi warin rigar, ya ga wani ƙaton ɗan'uwansa yana tafiya da ƙafa biyu a gaban matansa. Ya ja da baya taku biyar. Sai ji muka yi dum, sannan tsulum. Lacho na cikin kwamin da dabbobi ke shan ruwa a bakin famfo, ƙafafu a sama.

Mincho ya fito bakin shago da kofi a hannu ya ce, "Madalla, har an fara koyon iyo. An ce ƙasar duk ruwa ce."

Lacho ya ɗago yana tofar da gansakuka. "Dabba ma ta san an yi baƙon abu a garin nan."

Tsonka ta ce, "Ta san rigar mai gidanta dai. Shi ma haka take yi masa."

Sai kuma maganar saƙo. Ƙauyen nan ba gidan da ba shi da ɗa ko jika a waje, kuma a wurin tsofaffinmu waje gari ɗaya ne mai unguwanni. Tsonka ta kawo kwalba shida ta lutenitsa a kai wa ɗanta a Spain. Matar limamin cocinmu ta kawo cuku da zuma a kai Jamus. Wani tsoho ya kawo safa ƙafa huɗu da matarsa ta saƙa wa jikansu a Kanada.

Na ce, "Jama'a, Norway fa aka ce."

Tsonka ta ce, "Ai duk hanya ɗaya ce. In ya sauka ya tambaya."

Duk mai hankali zai ce ba zai iya ba. Lacho ya ce, "Ku kawo. Mutum irina ba a buɗe masa jaka." Ya tura komai cikin tsohon akwatin Petko, ya shimfiɗa babban zanensa a sama, wanda ya ce da shi zai buɗe idon Turawa: hoton kansa ne tsaye a kan dutse, gashi na tashi, tsaunuka sun durƙusa a bayansa. Aka kai akwatin kan sikelin da Mincho ke auna aladu. Kilo hamsin da takwas.

Malam Stoimen ya ce, "Na ji ashirin da uku suke yarda."

"Wannan dokar 'yan yawon buɗe ido ce."

Don ya nuna akwatin ba komai ba ne, ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Hannun akwatin ya biyo shi, akwatin bai biyo ba. Ya faɗi a kan dutse ya buɗe baki, kwalabe uku suka fashe, jan miya ta wanke Lachezar na kan dutse tun daga gashi har takalmi. Lacho ya tsaya yana kallon zanen, har na ji tausayinsa ya taso min. Sai ya ja baya, ya rufe ido ɗaya, ya ce, "Abin da zanen ya rasa ke nan. Ja."

Ya jingina shi da bango ya sha iska. Kafin a gama tsince gilasai, karnuka uku sun yi layi suna lasa.

Mincho ya ce, "Tun da nake ban taɓa ganin zanen da ya yi farin jini haka ba."

Ana saura kwana biyu tafiya ya tuna bai gwada sanyin kansa ba, rigar kawai ya gwada. Mincho na da ɗan ɗakin sanyi a bayan shago inda yake ajiye nama da cuku. Lacho ya ce a rufe shi ciki minti goma sha biyar, da 'yar shara kawai. Mincho ya rufe shi, ya dawo gaba ya tarar Malam Stoimen ya ce mai tsaron ragar ƙungiyarsu kwando ne. Musun nan awa biyu ya ci. Sai da matar limami ta zo sayen cuku aka buɗe ƙofa, aka tarar da hasken tsaunukan Balkan rungume da cinyar rago, leɓɓa sun yi shuɗi.

Aka kawo min shi a amalanke. Na kwantar da shi na shafe masa ƙirji da rakiya mai ɗumi, na dafa masa shayin ganye. Zazzaɓin bai yi tsanani ba, amma murya ta tafi gaba ɗaya. In ya buɗe baki sai iska. Tun da aka haife shi ban taɓa samun irin wannan dama ba.

Na zauna bakin gado na ce, "Yau da ba ka da bakin katse ni, saurara. Matar nan ba ta jiranka. Bari in aika a ce ba ka da lafiya, a fasa walimar jibi, mu bi abin a hankali. Ba wanda zai sani sai ni da kai. Ka yarda?"

Ya ɗaga haɓa sama ya sauke, ya ja bargo ya rufe kai. Tsakin ne kawai bai samu muryar yi ba. Gargaɗi na uku ke nan. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Lahadi da rana aka jera tebura a dandali. An gasa ɗan rago, an kawo mai busa algaitarmu ta fatar akuya, Mincho ya wanke tsohuwar motarsa da za ta kai Lacho Sofiya, ya kuma fito da kwalabe, ya ce rakiyar matafiyi ba ta cika sai da rakiyar kwalba. Ni kuma na zo da moɗata ta tagulla cike da ruwa. In mutum zai yi tafiya ana zuba ruwa a gabansa, don al'amuransa su gudana kamar ruwan. Da moɗar nan na zuba wa mutum goma sha ɗaya, har da 'yar cikina. Ruwan ya yi aikinsa sosai, ba wanda ya dawo sai hutu.

Lacho ya fito da riga uku a jiki, rigar fatar a sama, don a rage wa akwati nauyi. Zufa na zuba ta ƙarƙashin faifan. Tsonka ta ɗaure ragonta, ta ce don zaman lafiya.

Ashe Nevena, 'yar Tsonka, wadda ke aikin jinya a Ingila, ta iso hutu ranar Juma'a. Malam Stoimen ya gama jawabi mai tsawo a kan yadda ƙauyenmu ya saba haifar manya, ko da yake bai tuna sunan ko ɗaya ba, sai ya ce, "Tun da Allah ya kawo mana mai Turanci, a sauko da takardar a karanta wa jama'a, tarihi ya shaida."

Lacho da kansa ya je ya ɗauko. Ya goge gilashin da hannun riga ya miƙa wa Nevena da hannu biyu. Yarinyar ta karanta a zuci, sai kunnuwanta suka yi ja.

Ta ce, "Lacho, wa ya fassara maka wannan?"

Ya bugi ƙirji.

"Ko mu je gefe in gaya maka?"

Ya ɗaga haɓa, ya nuna jama'a da hannu, wato kowa ya ji.

Nevena ta gyara murya. "Zuwa ga Lachezar. Mun yi baƙin ciki da ka shaida mana ba za ka iya zuwa a watan Oktoba ba. Mun ba wata mai zane daga Portugal ɗakin. Muna yi maka fatan alheri."

Mai algaita ya saki fatar akuyar, ta yi wani dogon kuka ta mutu.

Mincho ya ce, "Ina hasken tsaunuka? Duba baya, wataƙila a can aka rubuta."

Lacho ya shiga fafutuka da hannuwa, yana nuna bakinsa, yana nuna sama, wato bai taɓa faɗin haka ba. Na ajiye moɗar na tashi.

Na ce, "Ya faɗa. Da kai ya faɗa, sau uku, ina zaune. Matar ta tambaye shi zai zo, ya girgiza mata kai."

Malam Stoimen ya ce, "To ai ya amsa ke nan. Ina laifin?"

Nevena ta ce, "Malam, a can girgiza kai ƙi ne. In sun yarda sama da ƙasa suke yi."

Wurin ya kaure. Matar limami ta ce shi ya sa aurensu ba ya ƙarko. Wani ya ce ƙarya ne, wuya ba ya yin haka. Tsonka ba abin da ya dame ta sai kwalabenta uku da suka rage. Lacho kuwa ya zauna a kan akwatin, faifan ya zame masa zuwa hanci. Na dubi yaron da na goya, sai na ji dariyar ta fita daga raina.

Na ce, "Nevena, akwai lamba a ƙasan takardar nan. Kira min matar."

"Kaka, yau Lahadi."

"Kunya ma ba ta hutun Lahadi. Kira."

Allah ya taimaka matar ta ɗauka, har da hoto, tana cikin lambunta da hular rana. Nevena ta ce mata kuskure aka yi, mutumin yana son zuwa. Suka yi 'yar magana, Nevena ta juyo ta ce, "Ta ce Oktoba ta wuce. Akwai ɗaki ɗaya a watan Afrilu, wani ma yana nema. Amma ta ce ba ta son jin ta bakin kowa, shi za ta tambaya da kanta."

Aka juya wayar ta fuskanci Lacho. Matar ta ga wani abu mai gashi yana zufa a tsakiyar rana. Ta yi tambayarta a hankali, kalma ɗai-ɗai. Lacho ya buɗe baki, iska ta fito. Ya sake buɗewa, iska. Sai na ga kan nan ya fara karkata hagu. Ba shi kaɗai ba. A bayansa mutum arba'in, don su taimaka, duk sun shiga girgiza kai gefe da gefe, har da limami. Nevena ta so ta yi bayani, dariya ta shaƙe ta, ta durƙushe tana riƙe da ciki, wayar na rawa a hannunta. Fuskar matar ta fara komawa irin ta ranar farko.

Gwiwoyina ba su da kirki, amma ranar sun tuna ƙuruciya. Na isa bayansa na kama kunnuwan nan biyu, waɗanda na sha murɗawa tun yana ɗan shekara biyar, na danna kan ƙasa, na ɗago shi sama, na danna, na ɗago. Sau uku, daidai da yadda ya ɓata.

Na ce, "Gaya mata ya ce i. Da yarensu."

Matar ta yi dariya har hularta ta faɗi. Ta ce ta rubuta sunansa a watan Afrilu, za ta aiko takarda, amma a ba wannan yarinyar ta karanta. Ta kuma tambaya ko hannuwan da ke riƙe da kunnuwan su ne na cikin zanen barkono. Na ce su ne, kuma wannan aikin sun fi iyawa.

Walima dai an ci, don ɗan rago ba ya komawa ɗanye. Kowa ya zo ya ɗauki saƙonsa. Mincho ya ce takardar ta zauna a shagonsa, yanzu ne ma ta yi daraja. Daga ranar duk wanda ya tambayi Lacho ko zai sha kofi, sai ya ƙara da cewa, "Ka amsa a hankali, kada mu ba wata 'yar Portugal." Ni kuwa na karɓo gilashin, ni da Petko muka koma mazauninmu.

Ruwan moɗar ban zubar ba. Ranar Litinin da safe na tashe shi na ce motar gari na wucewa ƙarfe bakwai, Raina na jira, kujerarsa na nan. Bai tambayi yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa ba. Ya sa rigarsa ta aiki, babu faifai, babu gyale. A bakin ƙofa na zuba masa ruwan duka, ya taka ya wuce. Na Afrilu kuwa na riga na yanke shawara, rabin moɗa zan zuba, wanda zai isa ya kai shi amma ba zai tafi da shi ba.

Ya kai bakin shinge na kira shi. "Akwai sauran banitsa. In naɗe maka?"

Kan ya fara motsi, ya tsaya a tsakiya, bai yi gefe ba bai yi sama ba.

Na ce, "Da kan wa za ka amsa min, namu ko nasu?"

Ya tattaro 'yar muryar da ta fara dawowa, kamar ta ɗan tsako.

"I, Kaka."

Na ce, "Ka ga, ashe bakin nan yana da amfani." Na shiga na naɗo masa biyu.